Idan Mota Ta Mutu a Inda Babu Gareji, Babu Sabis

Wannan shi ne rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurara da waɗanda suka fi jin daɗin karatu. Yau na ajiye maganar katin zaɓe da kasafin kuɗi, maganar mota za mu yi. Kafin wani ya ce shi ko keke ba shi da shi, ɗan dakata. In dai kana shiga motar haya zuwa makaranta, ko bautar ƙasa, ko bikin aboki a wani gari, wata rana sai ka ga kanka a tsaye bakin hanya, an ɗaga bonet, mutum bakwai sun kewaye inji, kowa na jiran wani ya san abin yi.

Duk ɗan littafin da ke zuwa da mota, in ka buɗe shi, amsar kusan kowace matsala ɗaya ce: ka kai ta garejin kamfani mafi kusa da kai. Wanda ya rubuta hakan yana can Japan ko Jamus, inda garejin kamfani ke bayan layinsu. Mu kuwa yawancin motocinmu tokunbo ne, sun ci zamaninsu a hannun wani a Amurka ko Turai kafin su biyo ta Kwatano ko Legas su iso mu. Garejin kamfani yana manyan birane, kai kuma ga ka tsakanin Gashuwa da Nguru, ko tsakanin Ningi da Birnin Kudu, wayarka ko sanda ɗaya ta sabis babu. To yaya ke nan?

Ni abin ya same ni ne a hanyar Gembu, can saman tsaunin Mambila a jihar Taraba. Mu huɗu ne za mu wani taron matasa, a motar ɗaya daga cikinmu. Ga wanda bai san hanyar ba: daga Jalingo za ka bi ta Bali, ka wuce Serti inda hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, ka iso Mayo Selbe a gindin dutse. Daga nan sai hawa, kwana bayan kwana, dutse ta wannan gefen, rami ta wancan, har ka kai saman da ya kai wajen mita 1,600 daga matakin teku. Kuskurenmu na farko tun a Jalingo muka tafka shi. Mun yi alkawarin tashi bayan Asuba, sai ga mu hantsi ya dubi ludayi muna jiran wani ya gama guga. Kun dai san halinmu.

Rana ta yi sanyi sosai muka fara hawan. Ina gaba kusa da direba, sai na ga allurar zafin inji ta wuce tsakiya tana ta ɗagawa. Na ce masa, "Malam, dubi allurar nan fa." Ya ce, "Na gani, bari mu ƙarasa wannan kwanar." Wallahi a hawan Mambila babu wani abu wai shi ƙarasa kwana, in ka gama wannan wata na jiran ka. Ba mu yi minti uku ba sai tururi ya turnuƙe daga ƙarƙashin bonet. Ya gangara gefe ya kashe. Muka fito, ya ɗaga bonet, ya naɗe hannunsa da hankici ya nufi murfin lagireto.

Sai muka ji tsawa daga bayanmu: "Kai! Kai yaro, kar ka taɓa!"

Wata tsohuwar Land Rover ce ta taho a bayanmu da buhuna har sama, irin waɗanda suka cika yankin. Direban dattijo ne, da yaron motarsa. Tsawar nan ita ta ceci fuskar abokina, kuma ina so kowa ya gane dalili, don wannan ita ce ɓarnar da aka fi yi a minti biyar na farko. Ruwa a tukunyar gida yana tafasa ne a digiri 100. A cikin lagireto kuwa murfin nan yana matse shi, shi ya sa yake iya kaiwa wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da ka kwance murfin, matsin ya tafi, ruwan da ya riga ya wuce digiri 100 sai ya yi tsartuwa sama da tururi nan take. Wanda ya sunkuya a kai, fuskarsa da ƙirjinsa ne a wajen. Hankici ba ya tare wannan.

Muka ce, "Sannu Baba." Ya ce, "Yauwa samari, sannunku." Abin mamaki, ko kallon injin bai yi ba. Ya sa muka nemo duwatsu muka tokare tayoyin baya. Ya tambayi alamar gargaɗin nan mai kusurwa uku, muka ɗauko a but, ya aiki yaronsa ya kai ta can ƙasa kafin kwanar da muka baro, shi kuma ya karyo ganye ya jera ta sama kafin ɗaya kwanar. Ya ce a kunna hazad. Sai da ya gama duk wannan sannan ya ce, "To, yanzu sai mu jira ta huce."

A lokacin na ɗauka jan lokaci ne irin na dattijai. Daga baya na gane tsarin aikin ke nan. Mota a tsaye bayan kwana, in tirela ta kunno kai, direbanta ba zai gan ku ba sai ya zo kanku. Alamar da aka ajiye taku biyar daga mota ado ce kawai, dole ta yi nisa yadda mai zuwa zai samu filin taka birki. Kuma fasinja su fita daga motar su koma can nesa da kwalta, kada kowa ya tsaya a gabanta ko bayanta yana danna waya. Lalacewar mota da wuya ta kashe mutum, motar da ke tahowa ce ke kashewa.

Mun fi rabin awa muna zaune. Can sai ya tashi ya matsa babban tiyon da ke shiga lagireto da yatsu, ya ce in ka ji shi da tauri to akwai sauran matsi a ciki, in ya yi laushi kuma hannu na iya jure zafinsa, sannan a buɗe murfi, shi ma a hankali da tsumma mai kauri, fuska a gefe. Da ya haska tocila sai ga matsalar: tiyon ya tsufa ya tsage daf da bakinsa, kusa da kilif ɗin da ya riƙe shi. Ya dubi mai motar ya ce, "Ɗana, yaushe rabonka da duba wannan?" Shiru. Ya ciro wuƙa ya yanke wurin da ya tsage, ya jawo sauran ya mayar, ya ɗaure kilif. Ya yanko robar tsohon tubu ya naɗe wurin tam. Muka kawo ruwan da ke jarkarmu ya zuba a hankali. Sannan ya mayar da murfin amma bai matse shi duka ba, ya bar shi a sako-sako.

Na tambaye shi dalili. Ya ce in aka matse, matsi zai taru ya sake fasa wurin. Gaskiyarsa, amma akwai abin da ake biya: in babu matsi ruwan zai yi saurin tafasa, balle a kan tudu irin wannan, inda ruwa ke tafasa tun wajen digiri 95 saboda iska ta yi ƙaranci. Don haka ya ce a tafi a hankali, a kashe AC, a kunna hita har ƙarshe a sauke gilasai, a riƙa tsayawa ana ƙara ruwa. Maganar hita ba camfi ba ce. Hitar mota ɗan ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod, ruwan inji ne ke bi ta cikinta, in ka kunna ta kana ɗebe wa inji zafi kana kwasowa a jikinka.

Abokina ya ce, "Baba, shi ke nan ta gyaru?" Dattijon ya yi dariya ya ce, "A'a ɗana. Wannan ba gyara ba ne, rakiya ce. Zai raka ku Maisamari in Allah Ya so. Can ku nemi gyara."

Tun ranar kalmar nan ta zauna mini, kuma ita ce maganar da nake so ku ɗauka. A daji ba a gyaran mota, raka ta ake yi zuwa gari na gaba. Saboda haka tambayar farko ba "me ya lalace?" ba ce. Tambayar ita ce: wannan ciwon, ana iya lallaɓawa da shi, ko kuwa ƙara tafiyar kilomita ɗaya zai mayar da ƙaramin gyara ya koma sayen sabon inji?

Akwai waɗanda ba a lallaɓawa da su ko kaɗan. Jar fitilar nan mai kama da buta, in ta kama kana tafiya, tana cewa baƙin mai ba ya zagaya inji yadda ya kamata. Nemi gefe ka kashe a take. Duba ma'aunin mai. In ya yi ƙasa ka ƙara, in fitilar ta mutu to alhamdu lillahi, ka leƙa ƙasa ka ga ko yoyo yake. In mai na nan cif kuma fitilar ta ƙi mutuwa, kar ka sake tayarwa, domin 'yan mintuna sun isa inji ya buga. Haka allurar zafi in ta kai ja. Kuma don Allah a daina kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi a ka. Kan injin yawancin motocin yanzu na alminiyam ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage. In bayan ɗaukar zafi ka ga farin hayaƙi mai yawa na fita ta salansa, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, ko ruwan lagireto na ta kumfa, to gasket ya ƙone, rakiya ta ƙare. Birkin da ka taka ya tafi har ƙasa shi ma ba a gwada sa'a da shi. Warin fetur mai ƙarfi, ka ga yana ɗiga, a kashe mota, kowa ya matsa, mai sigari ya yi haƙuri. Sai kuma motar da ta mutu kwatsam kana cikin gudu, ka yi ki ka ji injin na juyawa da wani irin sauƙi da sauri ba kamar yadda ka saba ji ba. Mai yiwuwa taimin bel ne ya tsinke, kuma a injina da yawa hakan na lanƙwasa bawul, ci gaba da yin ki ƙarin ɓarna ne.

Wasu kuma suna da tsoratarwa amma suna ba da lokaci. Fitilar cek injin mai ruwan ɗorawa, in ta kama ta tsaya cak kuma motar na tafiya lafiya, kana iya ƙarasawa gari. In walƙiya take yi, rage gudu ka nemi wurin tsayawa. Jar fitilar batir tana nufin caji ya tsaya, ragowar wutar batir kake ci. Tsaya ka duba fambel. In yana nan, kashe duk abin da ke jan wuta, rediyo, AC, cajar waya, ka kama hanya kada ka kashe inji sai ka isa. In ya tsinke kuwa a kula, don a motoci da yawa shi ne ke juya famfon ruwa, ba za ka yi nisa ba za ta ɗau zafi.

Sai motar da aka tsaya yin salla ko fitsari, aka dawo ta ƙi tashi. A nan kunne ya fi sufana amfani. In ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas-ƙas, fitilun dashbod suna dusashewa, wuta ce ba ta isa. Kafin ka yanke wa batir hukuncin mutuwa, girgiza kawunansa da hannu. Gargadar hanya na kwance su, wani lokaci kuma farin garin nan ne ya taru a kai. A kankare a ɗaure, sau da yawa shi ke nan. In kuwa inji na juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, to mai ne ko wutar fulogi. Sa kowa ya yi shiru, murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa ba tare da ka yi ki ba, ka kasa kunne wajen tanki. A yawancin motoci za ka ji ɗan gurnani na sakan biyu, famfon fetur ke nan. In shiru ne, buɗe akwatin fiyus, zanen da ke murfinsa zai nuna maka nasa. In ya ƙone, ɗauko wani mai lamba iri ɗaya daga abin da ba dole ba, kamar na rediyo. Mai lamba iri ɗaya na ce, ba waya ba, ba takardar sigari ba. Fiyus an yi shi ne ya ƙone don kada motar ta ƙone.

Turi kuma na mota mai giyar hannu ne: makulli a kunne, giya biyu, kuloci a take, in ta ɗau gudu a saki. Otomatik ba ta tashi da turi, kada a wahalar da bayin Allah. Ita sai wayar jona batir: ja daga fulos zuwa fulos, baƙa daga mainos na mai lafiya zuwa wani ƙarfe a jikin injin wadda ta mutu. In aka juya su, kwamfutar motar da muke kira birenbos ita za ta biya. Kuma akwai wani gwaji da ake yawan yi a bakin hanya, a cire kan batir inji na aiki wai a ga ko tana caji. A tsofaffin motoci an sha yi an kwana lafiya. A motar da ke da birenbos kada ka yarda a yi maka.

Wannan ya kawo mu kan bakaniken ƙauye, kuma a nan zan ɗan daɗe, don mu 'yan boko muna da laifi biyu masu karo da juna. Ko dai mu raina shi, muna yi masa magana kamar yaronmu, ko kuma mu miƙa masa makulli mu koma gindin bishiya mu bar shi da motar da bai taɓa buɗe irinta ba. Mutumin nan fa yana da ilimin da ba mu da shi. Kullum a hanyar yake, ya san abin da ke kashe mota a wurin, kuma ya iya ƙirƙiro mafita daga abin da ke ƙasa. Amma iliminsa ya ginu ne a kan motocin da ke bin hanyarsa. Tun da aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna a 1975, iyayenmu sun yi zamanin da 504 ta cika ƙasar nan, kusan kowane gari akwai wanda zai kwance injinta ya mayar, kayanta kuma na rataye a kowace kasuwa. Land Rover ɗin Mambila ma abin da ya raya su ke nan har yau: kowa a can ya san cikinsu, in ɗaya ta mutu 'yan'uwanta su gaji kayanta. Motar da ta zo da na'urori ashirin da makulli mai kwamfuta kuwa, in ya ce bari ya gwada, da motarka zai koyi aiki.

Yadda nake yi yanzu: in gaishe shi yadda ya dace, in gaya masa abin da na gani da abin da na ji tun daga farko ba tare da na yanke masa hukunci ba, sannan in ce, "Oga, so nake ta kai ni gari kaza, ba sai an yi babban aiki ba." Mu yi ciniki kafin ya ɗora sufana. In tsaya a kansa, ba don zargi ba, don in san abin da aka taɓa. Duk abin da aka cire a ba ni in saka a but. Tiyo, fambel, faci, kan batir, salansar da ta faɗo, birkin da ke buƙatar sabon takalmi, duk waɗannan nasa ne, ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Amma da na ji an ce a sauke kan inji a bakin titi, ko a yanke wayoyi a yi musu hanya ta gefe, sai in ce a dakata. In akwai sabis ko da a kan tudu ne, in kira bakanikena na gida in miƙa masa waya su yi magana. Minti biyu tsakanin masu sana'a ya fi awa ɗaya na bayanina.

Akwai kuma wata 'yar na'ura da nake ganin duk matashin da ke tuƙi ya kamata ya mallaka, ba ta kai akwatin ashana biyu ba. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996, da masu fetur na Turai tun daga 2001, suna da wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari, ana ce mata OBD. Ka jona na'urar, ta haɗu da wayarka ta Bluetooth, ta nuna maka lambar ciwon da birenbos ya gani. Ba ta buƙatar sabis in ka riga ka sauke manhajar. Ba ta gyara komai, kuma ba kullum lambar ke nuna ainihin abin da ya lalace ba, amma tana rage wasan canke, inda za a sa ka sayi fulogi, a ce ba su ba ne, a sa ka sayi famfo, a ce shi ma ba shi ba ne.

Mu dai mun isa Maisamari da daddare, mun tsaya ƙara ruwa sau uku, gumi na zubo mana saboda hita alhali waje sanyi ne mai ratsa ƙashi. Washegari aka duba garin ba a samu tiyon irin motarmu ba. Muka ɗauki hotonsa da hoton lambar jikin mota, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, muka tura wa wani a Jalingo, ya sayo ya kai tasha ya ba direban da zai hawo. Wannan ita ce ainihin hanyar kayan gyara a ƙasar nan: Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas, sai direban haya da lambar wayarsa. Shi ya sa in kai mai yawan shiga lungu ne, ranar sayen mota ka tambayi kanka ko za a samu fambel ɗinta a kasuwar ƙaramar hukuma. Motar da abokai za su yi ta ɗaukar hoto da ita daban, motar da za ta dawo da kai daga ƙauye daban.

In ta ƙi rakuwa, sai ja. Janwe a irin waɗannan wurare sai an aiko daga birni, don haka igiya ake ɗaurawa. Ka sani in inji a kashe yake, birki da sitiyari duk suna yin tauri, wanda bai taɓa ji ba zai ɗauka sun lalace. Ja da igiya a gangara kuwa kasada ce. Kuma motar otomatik in aka ja ta nesa tayoyinta a ƙasa, giyabos na iya ƙonewa, domin famfon da ke zagaya da man giya da inji yake aiki. Gara a nemi babbar mota da ta sauke kaya za ta koma wayam a ɗora ta.

Yanzu maganar da ta fi duk waɗannan nauyi. Mu a Mambila abin tsoronmu duhu ne da sanyi da rami. A wasu hanyoyin kuwa, irin Kaduna zuwa Birnin Gwari ko Funtuwa zuwa Gusau, kowa ya san abin da ake tsoro. A irin wurin nan lissafin gaba ɗaya ya canja. Taya ta fashe a inda hankalinka bai kwanta ba, kada ka tsaya neman jak, lallaɓa a kan wili har ka kai inda mutane suke, taya da wilin su tafi. In ta mutu murus kuma rana na faɗuwa, kwashi takardu da waya da abin da za ka iya ɗauka, kulle ta, ku shiga duk motar haya ko babur da ya tsaya. A ƙauye mafi kusa a nemi mai unguwa ko dagaci a gabatar da kai, a nemi ya sa wanda zai duba motar, a ba da abin goro. Na san ciwon barin mota a daji, musamman in aro ce ko ta Baba ce aka ɗauko da ƙyar. Amma na ga iyalan da suka sayar da mota da gona da gida don karɓo mutum ɗaya. 'Yan'uwa mata da ke tuƙi su kaɗai, ku kam ko da rana tsaka ce, in wani ya tsaya taimako kuma zuciyarki ba ta kwanta ba, ki zauna ciki a kulle ki yi magana ta ɗan tsagin gilashi, ki roƙe shi ya turo bakanike daga gari na gaba.

Lambobin gaggawa akwai su: 112 ta ƙasa baki ɗaya, 122 ta hukumar kiyaye haɗura. Ku ajiye su. Sai dai lamba ba ta aiki inda babu sabis, kuma nan ne abin ke ba ni haushi. Hanyar da ke ɗauke da masu haƙuri da mata masu naƙuda zuwa asibiti, a ce akwai tafiyar da za ka yi ba ka iya kiran kowa. In masu neman ƙuri'a sun zo, wannan ma tambaya ce, ba kwalta kaɗai ba. Kafin a kai can, abin da ke hannunmu shi ne layi biyu na kamfani daban-daban, fawa bank a cike, da gaya wa wani a gida hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji ka. Da tsabar kuɗi a aljihu. Mai faci a inda babu sabis ba ya karɓar tiransifa.

But ɗina yanzu ba ya rabo da jarkar ruwa, galan ɗin baƙin mai, man birki, fambel, fiyus kala-kala, wayar jona batir, igiya mai ƙarfi, filaya, sukundireba, sufanu, tocila, wuƙa, abin kashe gobara, da robar tubu, saboda Baba. Safaya kuma ba a ce tana nan kawai ba, a taɓa ta a ji da iska, a gwada sufanar taya a ga ta shiga notin motarka, don mutane da yawa a daji suke gano cewa jak ɗinsu na wata motar ce. Ku duba gefen taya akwai lambobi huɗu bayan rubutun DOT: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar Beljiyam na iya zuwa da zane raɗau alhali ta tsufa ta bushe. 'Yar siririyar safayar nan kuwa ba a wuce gudun kilomita 80 da ita, ita ma rakiya ce.

Da za mu rabu da dattijon a daren nan mun haɗa kuɗi muka miƙa masa, ya ƙi karɓa, ya ce a ba yaronsa na shayi. Abu biyu ya sa mu yi kafin mu tashi. Na farko, muka kwashe duwatsun da ganyen daga kan hanya, ya ce dutsen da ya tokare motarku shi zai kifar da mai babur da daddare. Na biyu, ya kama hannun abokina ya ce, "Ranar saukowa, giya biyu. Kada ka sake ta a firi, kada ka kwanta a kan birki." Birkin da aka daɗe ana takawa a gangara yana ɗaukar zafi har ya daina kamawa, man birkin ma na iya tafasa, ka taka ka ji fanko. Giya ce ke riƙe mota a gangara, mai otomatik kuma ya sauko da ita kan 2 ko L.

Bayan kwana uku muka sauko da sabon tiyo, a giya biyu, inji na ta kuka, motocin haya na ta wuce mu suna mana hon. A Mayo Selbe muka tsaya muka ci masara. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan maganar rajistar masu zaɓe.